Sunan Radoje a Gindin Doki

A tsakiyar garin Tisovo, inda hanyar tasha ta haɗu da ta kasuwa, akwai dokin tagulla da mahayinsa a kan wani dakalin dutse da ya fi mutum tsayi. Bayan yaƙin duniya na farko aka kafa shi, aka jera sunayen 'yan garin da suka tafi ba su dawo ba a gefen da ke kallon coci. Da aka yi na biyu sai aka cika gefen da ke kallon kasuwa. Ruwan sama da ƙanƙara sun mai da dokin kore, tattabaru kuma sun ɓata hular mahayin. Babu mai kiran wurin da sunan da hukuma ta sa masa, gindin Doki kawai ake cewa. Tsofaffin da ke wuni a shagon gahawa sukan ce dokin nan shi kaɗai ne mai hankali a garin, tunda ya juya wa ofishin magajin gari baya.

A gindin Dokin nan Jevrem maƙeri ya raka ɗansa Radoje ranar da motocin soja suka zo, a farkon yaƙin da ya wargaza ƙasar. Kaka ce, an gama cire masara. Radoje shi kaɗai Allah ya ba su, shi ma sai da suka kusa fid da rai. Direban motar gidan burodi ne, dogo, mai yawan dariya, ba ya iya wuce kare bai tsaya ya shafa shi ba. Uwarsa Lepa ta soya masa kaza, ta cusa masa safa mai kauri a jaka, ta yi ta jaddada masa kada ya zauna a ƙasa mai sanyi. Ya yi musu waya daga ƙetaren kogi a makonnin farko, daga nan shiru.

Yaƙi ya ƙare. Wasu sun dawo da ƙafafunsu, wasu an kawo su a akwati, Radoje bai shiga ko ɗaya ba. Wani saurayi da suka tafi tare ya zo maƙera wata rana, hannun rigarsa na hagu a naɗe babu komai ciki, ya zauna a kan kututture. Ya ce ya ga Radoje ya faɗi a wata gonar masara suna gudu, kuma babu halin komawa. Jevrem ya kashe wuta ya rufe maƙera ya tafi gida ya gaya wa Lepa. Tana yankan kabeji, ba ta ajiye wuƙar ba.

“Faɗuwa ya gani,” in ji ta. “Ni ma na sha faɗuwa.”

Haka suka zauna shekara da shekaru. Lepa tana wanke rigunan Radoje duk bazara ta goge ta mayar. In ta dafa wake sai ta rage masa a tukunya, washegari Jevrem ya cinye. A coci akwai faranti biyu na yashi da ake kafa kyandir, na sama don masu rai, na ƙasa don matattu, ita kuwa kullum a na sama take kafa na ɗanta, ta miƙe tsaye ta kalli matan da ke gefenta ko wata za ta tanka. Ta ji labarin wani da ya ɓullo a Jamus bayan an yi masa zaman makoki, da wani da aka samu a asibitin masu taɓin hankali ya manta sunansa. Labaran nan ta riƙe su kamar karatu. Da wasu ma'aikata suka zo da farar mota suna karɓar jinin iyaye don a gwada da ƙasusuwan da ake tonowa, a bakin ƙofa ta tare su ta ce sun yi ɓatan gida.

Jevrem bai taɓa yi mata gardama ba. Amma shi ya sani. Ba zai iya cewa ga ranar da ya sani ba, abin ya zauna masa ne a ƙirji kamar yadda sanyi ke shiga gwiwa. Abin da ya fi cin sa shi ne ranar tunawa da matattu, lokacin da gari ke ɗunguma zuwa maƙabarta da dafaffiyar alkama da zuma. Iyayen waɗanda aka kawo a akwati suna da inda za su durƙusa, su cire ciyawa, su zuba ɗan ruwan inabi a ƙasa, su yi kuka, su dawo gida su ci abinci. Shi sai ya shiga maƙera ya yi ta dukan ƙarfen da ba wanda ya sa shi.

Ana nan sai magajin gari, Obrad, ya same shi a maƙera. Mutum ne mai ƙiba mai yawan gumi, sun yi makarantar firamare tare. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar Lepa, ya yaba wata ƙofar ƙarfe da ke jingine, sannan ya fito da maganar. Za a sa sabon allon tagulla a gefe na uku na dakalin, na 'yan yaƙin nan. Na waɗanda aka binne babu matsala. Radoje ne kaɗai ba a ga gawarsa ba, don haka ba za a sa shi ba sai da yardar gida. Ya ce Jevrem ya je ya yi shawara da matarsa.

Jevrem ya goge hannunsa da tsumma ya ce a sa. Obrad ya sake ambaton Lepa, Jevrem ya ce masa shi ne mai gidan.

Mutum ɗaya ya gaya wa, amininsa Tiosav, wanda ya riƙe Radoje ranar baftisma. Suna zaune a shagon gahawa, Dokin yana gabansu ta taga. Tiosav ya daɗe yana juya ɗan kofinsa.

“Kai da ko hula ba ka saya sai Lepa ta gwada maka, yau ka zama mai gida?”

“Ba ta bi ta nan. Tun ranar da suka tafi, ta bayan gidan waya take zuwa kasuwa.”

“Tsoho, a garin nan in ka yi tari a tasha, kafin ka iso gida an dafa maka shayi. Ka gaya mata da bakinka.”

Ya ce zai gaya mata. Ya yi niyya da gaske. Sau da yawa ya buɗe baki a kan tebur, sai ya ga tana gyara farantin da ke gefen taga, wurin zaman Radoje, ya hadiye maganar da miya.

Ranar buɗe allon ta faɗo ƙarshen bazara. Jevrem ya sa kwat ɗinsa na coci ya ce zai leƙa Tiosav. An tara 'yan makaranta, an kawo masu busa daga garin da ke kusa, Obrad ya yi dogon jawabi iska tana kwashe rabinsa. Da aka janye ƙyallen, limamin coci ya shiga kiran sunaye ɗaya bayan ɗaya. Jevrem ya san kowane. Wannan ya taɓa kawo masa keke gyara, wancan ya taɓa satar masa tuffa. Da aka kira na Radoje sai ya cire hula, Tiosav ya dafa kafaɗarsa. Ya yi kuka a gaban jama'a kamar yaro, kukan da bai taɓa yi ba tun ranar da saurayin nan ya zauna a kan kututture. Bayan an watse ya matsa ya sa yatsa a kan haruffan. Suna nan a layi na kusa da ƙasa, sababbi, suna ƙyalli, rana ta ɗumama su. Ya ji wani sauƙi da har ya ba shi kunya. A hanyar gida ya lura yunwa yake ji.

Bai san an riga shi ba. Wata maƙwabciya da nata ɗan ke kan allon ta ɗebo dafaffiyar alkama a kwano ta kai wa Lepa, ta rungume ta, ta ce Allah ya jiƙan yaranmu, yanzu ai suna tare. Da Jevrem ya shiga ya tarar da kwanon a kan tebur ba a taɓa ba. Lepa tana zaune hannuwanta a cinya. Ta tambaye shi ko da yardarsa aka yi, ya ce da yardarsa. Ya fara bayani, ta tashi ta zuba masa abinci ta shige ɗakin Radoje ta rufe.

Washegari ranar kasuwa ce. Jevrem ya fita da sassafe kai wa wani manomi garma, yana dawowa Tiosav ya tare shi a hanya yana haki, ya ce ya zo gindin Doki yanzu.

Mutane sun yi da'ira, masu sayar da barkono da cuku sun bar rumfunansu. Lepa tana durƙushe a gaban sabon allon da baƙin ɗankwalinta, ta ɗauko guduma da magagari daga maƙera. Yatsunta sun daɗe da kumbura da ciwon sanyi, gudumar ma da hannu biyu take ɗaga ta. Tana dukan sunan tana kuskurewa, ta fasa bayan hannunta, jini yana bin tagullar. Haruffan ko gezau, ɗan ƙwarzane kawai. Ɗan sandan gari, wanda ajinsu ɗaya da Radoje, yana tsaye gefe yana kallon takalminsa. Obrad yana ta cewa Lepa ki yi haƙuri, kayan gwamnati ne, mu je ofis mu zauna. Ba ta ko juyo ba.

Jevrem ya ratsa mutane ya durƙusa kusa da ita. Ya kira sunanta a hankali.

“Ka binne min ɗa da ransa,” in ji ta. Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma na kusa sun ji. “In ya sauka a tasha, ta nan zai bi. Me zai gani? Ya ga ubansa ya gaji da jira?”

“Lepa, ba zai...”

Ta kalle shi. Tun aurensu bai taɓa ganin tsoro irin wannan a fuskarta ba. Ya gane in ya ƙarasa maganar, kuma ta yarda da shi, ba za ta kai hunturu ba. Ya gane kuma in ya ja ta gida yau, gobe za ta dawo, jibi ma haka, har sai hannuwan sun daina ɗaga guduma.

“Kawo,” ya ce. “Ba haka ake yi ba.”

Ya karɓi magagarin ya cire kwat ya ba Tiosav. Obrad ya ce Jevrem, kai ne fa ka ce a sa, ya amsa masa cewa shi ne kuma zai cire. Ya gyara durƙuso ya fara daga harafin farko. Tagulla ce mai kyau, magagari ba ya cin ta da sauƙi. Garin ƙarfen yana zuba kan wandonsa kamar yashi mai ƙyalli. Ya yi aikin yadda ya saba yin kowane aiki, a tsanake, yana kare sunan da ke sama da wanda ke ƙasa da babban yatsansa don kada ya taɓa 'ya'yan mutane. Masu kallo suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, don abin ya wuce kallo. Wata mata ta kawo wa Lepa kujera da tsumma ta ɗaure hannun. Kasuwa ta ci ta watse yana nan. Da la'asar ya miƙe da ƙyar, bayansa ya ƙage. Inda sunan yake ya zama wani fili mai santsi, fari-fari, tsakanin layuka biyu.

Lepa ta matso ta shafa wurin, ta tabbatar babu saura. Ta ce su tafi, ta bar wake a wuta.

Ba a kai su ƙara ba. Obrad ya bar maganar, mutane kuma suka riƙa gaishe su da wani irin ladabi da ya fi zagi ciwo. Jevrem ya daina zama a shagon gahawa, don ta taga ana hango filin nan, da rana yana walƙiya fiye da sauran allon. Shi ma ya koma bi ta bayan gidan waya. A gida Lepa ba ta sake tada zancen ba, ba ta kuma gode masa ba. Ta ci gaba da wanki da guga. Wani lokaci da yamma takan ce ka ji kamar an taɓa ƙofa, ya tashi ya je ya duba, ya dawo ya ce iska ce.

Bayan wasu 'yan shekaru ciwon ƙirji ya kwantar da ita a tsakiyar hunturu. Ba ta daɗe ba. Ranar da za ta rasu hankalinta garau, ta gaya masa inda ta ajiye takalman Radoje na sanyi, ta sa shi ya yi alkawari ba zai sayar da gidan ba, ba zai kuma canja makulli ba. Ya yi mata alkawari. Mai sassaƙa dutsen kabari ya tambaye shi ko a bar wuri a ƙara sunan ɗan a ƙarƙashin nata, kamar yadda wasu ke yi. Jevrem ya yi tunani ya ce a'a, ba zai yi mata haka a kanta ba.

Da ƙanƙara ta narke ya shiga mota ya tafi birni ya ba da jininsa. Ma'aikaciyar ta yi masa kirki, ta ce da an sami na uwar ma da gwajin ya fi ƙarfi, amma za a gwada. Ta ce akwai ƙasusuwa da yawa da ba a gane masu su ba, akwai kuma ramukan da ba a gano ba har yanzu. Ya bar lambar wayar maƙwabta. Ba a kira ba.

Daga nan ya je ofishin magajin gari neman a mayar da sunan. Obrad ya riga ya mutu, an kuma haɗe Tisovo da babban garin da ke gaba, ofishin ya koma ɗaki guda da wani matashi a ciki. Matashin ya saurare shi da kyau, ya ce allon zubi ɗaya ne, sai dai a sake shi gaba ɗaya, masana'antar da ta yi shi kuma ta rufe. Ya ce zai kai maganar sama. Jevrem ya koma sau da dama, kullum ana kai maganar sama. Ya gwada da kansa a maƙera, a kan wani guntun tagulla, ko zai iya fitar da haruffa ya manna. Hannun da ya share su ya riga ya tsufa, abin da ya fito ko shi bai iya karantawa ba. Ya jefa a kwandon tarkace.

Garin yana ta raguwa. Gidan burodi ya rufe, jirgin ƙasa ya daina tsayawa a tasha, matasa sun tafi Belgrade ko Vienna. Saurayin mai hannu ɗaya ya bi su. Tiosav ya mutu a kujerarsa yana sauraron rediyo. Gidajen da aka bari sai baƙi suka saya da araha, mutanen da yaƙin ya koro daga ƙetaren kogi, masu nasu matattun a wasu wurare. Jevrem yakan fita ya yi tafiya daga kasuwa zuwa coci bai ga wanda zai kira shi da suna ba.

Wata ranar kaka ya gaji a hanya ya zauna a bencin gindin Doki, abin da ya daɗe bai yi ba. Filin da ya kankare a allon ya dushe, ya fara yin kore kamar sauran, amma gurbin yana nan. Wasu matafiya, miji da mata, suka tsaya da mota don su sha ruwa, suka zagaya dakalin suna karanta sunaye. Matar ta nuna gurbin ta tambayi wata mai sayar da gasasshiyar masara abin da ya faru a nan. Mai masarar cikin baƙin garin take, mace mai fara'a. Ta ce ai wannan wani ne da ya gudu daga fagen daga ya bar 'yan'uwansa, aka sa sunansa bisa kuskure, da gaskiya ta fito uban da kansa ya zo ya kankare don kunya. Ta ce ana cewa yana Jamus da mata da 'ya'ya.

Jevrem ya dafa sanda ya miƙe ya matsa kusa. Muryarsa ta fito siririya. Ya ce ba haka ba ne, yaron bai gudu ba, a gonar masara ya faɗi, akwai wanda ya gani.

“To Baba, ni dai haka na tarar ana faɗa,” in ji ta, tana juya masara a kan gawayi. “Kowa haka yake cewa. Ka san shi ne?”

Ya buɗe baki. Sai ya ga tsawon bayanin da ke gabansa, daga motocin soja har zuwa hannun Lepa, ya ga kuma babu ko mutum ɗaya a raye da zai ce e, haka aka yi. Matafiyan sun riga sun juya, mijin yana neman inda zai tsaya ya ɗauki hoton dokin gaba ɗaya, ya roƙe shi da ladabi ya ɗan matsa gefe. Jevrem ya matsa.

Mai masarar ta zaɓi mai laushi ta naɗe a ɓawo ta miƙa masa, ta ce ya ci da zafinta, iska ta fara sanyi. Ya karɓa ya yi godiya. Ba shi da haƙoran cin ta. Ya riƙe ta a hannu har gida, ya ajiye a kan tebur, ya zauna bai cire kwat ba.